Dutsen Japan da askar wanzaminmu

Rabin aikin aski ana gama shi tun aska ba ta taɓa kai ba. Wanzami zai kwance zabira, ya ciro aska, ya ɗiga ruwa a dutsensa ya wasa, ya goga a fata, wani lokaci ya ƙarasa a tafin hannu. Zaman da nake yi a Japan, a jihar Aichi, ya nuna mini cewa wannan washin ilimi ne mai zaman kansa. Abin da ke damuna shi ne Japanawa sun adana nasu, mu kuwa namu yana zubewa muna kallo, alhali ba su fi wanzamanmu hannu ba.

Su Japanawa duwatsu biyu suke haɗawa. Babban dutsen ana haƙo shi daga tsaunukan arewa maso yammacin Kyoto, kuma da sunan ramin da ya fito ake kiransa: Nakayama, Ohira, Shobudani, Okudo, Ozuku. Asalinsa laka ce da ragowar ƙananan halittun teku da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce. Wanda ake zaɓa don aska yana da tauri da santsi sosai, har idan ka zuba masa ruwa zalla ka ɗora aska, da ƙyar yake cin ƙarfe. Shi ya sa ake kawo ƙaramin dutse mai suna nagura a goga a kansa har ruwan ya yi fari ya ɗan yi kauri. Kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, sai dai a nan ba hatsi a tsakani, ɗan dutsen da kansa ake niƙawa, kuma lakar da ya bari ita ce ke wasa askar.

Farar nagura mafi daraja daga yankin Mikawa take, wajen garin Shitara, a nan Aichi. Ba iri ɗaya ba ce. Dutsen hawa-hawa yake a cikin ƙasa, kowane hawa da sunansa da aikinsa. Botan ita ce mai ɗan kaushi, da ita ake farawa bayan an daidaita bakin aska a dutsen kamfani mai lamba 1000 (lambar tana nuna laushin dutse: idan ta ƙaru, laushi ya ƙaru). Sai tenjo da mejiro, waɗanda masu washi kan saɓa wajen wadda za a gabatar. Sai koma, mai laushi da saurin ci, wadda masu goge takubba ma suke nema, shi ya sa ta yi tsada ta yi wuya. A ƙarshe ake kawo tomo nagura, wato ɓallin dutse irin na babban, a yi laka ta ƙarshe, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ta tsinke.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda lakar ke canzawa a ƙarƙashin aska. Dutsen kamfani lambarsa ɗaya ce: idan 8000 ne, 8000 zai ba ka daga farko har ƙarshe. Lakar nagura kuwa farfashewa take yi yayin da kake aiki, tana ƙara laushi. Za ka fara jin ɗan ƙarar yashi-yashi, sai ƙarar ta ragu, farin ya koma toka-toka saboda garin ƙarfen da ya shiga, askar ta fara ɗan manne wa dutsen. A nan za ka wanke komai tas, ka ɗauko nagura ta gaba. Idan ka yi ganganci ka bar ragowar botan a kan dutsen, ƙwaya ɗaya ta isa ta karce abin da koma ta gyara. Ba ma'auni, ba agogo. Kunne ne da yatsu ke gaya maka lokaci ya yi. Duk wanda ya taɓa lura da tsohon wanzami yana karkata kai yana sauraron askarsa a kan dutse ya san wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Wasu yanzu suna tayar da laka da faifan ƙarfe mai garin daimon maimakon tomo. Ya fi sauri, ban musa ba, amma sabon faifai yana barin ƙwayoyi masu kaushi, kuma yana cinye dutse mai tsada. Ni na fi son nagura, a dadashe gefunanta kada ta karce babban dutsen, a goga ba tare da dannawa ba. Kuma a shanya ta a inuwa, don dutse ne mai hawa-hawa, zafin rana ko ƙanƙarar hunturu na iya tsaga shi. Shi ya sa ake shafa masa fenti mai hana ruwa shiga a gefe da ƙasa.

Sakamakon duk wannan wahala shi ne baki mai kaifi amma mai taushi a fata. Ga mu masu gashi mai murɗewa, da ƙuraje ke damu bayan aski, askar da ba ta buƙatar a danna ta kuma ba sai an maimaita wuri ɗaya ba, ni dai a fuskata na ga bambanci.

To, a ina muka yi tarayya da Japanawa? Mu da su duk mun bar askar ƙira. Yawancin masu aski a Japan yau da aska mai canjin reza suke aiki, irin wadda kamfanin Feather ke yi, duk da cewa a dokarsu sai mai lasisin aski ne ke da izinin sa aska a fuskar mutum. Yawancin ramukan Kyoto an rufe su, mafi yawan abin da ke kasuwa tsohon ajiya ne. A wurinmu ma reza ta shigo, kuma ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Da ƙanjamau da ciwon hanta, ba mai hankalin da zai ce a koma aska ɗaya ta bi kawuna goma, balle wajen askin suna ko kaciya ko ƙaho. Wannan magana ta wuce.

Inda muka rabu shi ne abin da kowa ya yi da ilimin bayan kasuwa ta juya. Kosuke Iwasaki, maƙerin aska na garin Sanjo a Niigata, ya zauna ya rubuta wa masu aski ɗan littafi a kan yadda ake washi, kuma har yau mutane a Turai da Amurka suna karanta fassararsa. Wani mai suna Asano ya riƙa tantance nagura yana buga musu hatimi mai nuna hawan da kowace ta fito. A Kameoka kusa da Kyoto akwai gidan adana duwatsun washi, inda baƙo zai taɓa dutse da hannunsa. Saurayin da ubansa bai taɓa riƙe aska ba zai iya koyo daga farko.

Mu kuwa muna da abin da ya fi littafi ƙarfi a da, wato gado. Wanzanci sana'ar gida ce, har da sarautarta ta Sarkin Aska. Uba ya san maƙerin da ƙarfensa ke riƙe kaifi, ya san dutsen da ke ci da wanda ke gogewa, ya san fatar da ta dace, ɗa kuma yana ɗauka ta hanyar riƙe zabira. Amma gado yana da rauni guda: ranar da ɗan ya buɗe shagon aski da kilifa da janareta, sarƙar ta katse, kuma dutsen tsohon zai koma tokare ƙofa.

Ba cewa nake kowa ya yi odar dutsen Kyoto ba. Masu kyau suna da tsada ƙwarai, hatimin jabu ya yi yawa a intanet, kuma wanzamin Kano ko Damagaram ba ya buƙatarsu don ya yi aikinsa. Abu biyu nake roƙo. Na ɗaya, mai son askar ƙira ya mallaki tasa ta kansa, ya kai wa wanzami ya wasa masa ya aske shi da ita. Haka maƙeri ya samu ciniki, wanzami bai manta washi ba, maganar cuta kuma ba ta taso ba. Na biyu, 'ya'yan gidan wanzamai, ku da kuke da waya a hannu, ku zauna da baba ko kaka ku ɗauki bidiyo yana washi. Ku tambaye shi daga ina dutsen ya zo, wa ya ba shi, da me yake jiƙa shi, sau nawa yake juya aska, ta yaya yake sanin ta yi. Ku kusantar da wayar ta kama ƙarar ƙarfen a kan dutsen, ku rubuta sunan garin da shekarar.