Bakin ƙwaro ba ya zama yadda aka haife shi

Manoma da yawa na ɗauka cewa bakin ƙwaro an gama ƙera shi tun daga ƙwai, shuka kuwa ba ta da wani tasiri sai dai a cinye ta. Ba haka abin yake ba.

Duba muƙamuƙin fara da kyau. Wadda ta saba cin dangin ciyawa, irin su gero da dawa, nata na da faɗi da ƙananan tudu-tudu kamar dutsen niƙa, domin ganyen na da tauri, ga silika, wani sinadari irin na yashi, da ke cinye kaifi. Mai cin ganye mai laushi kuwa nata ya fi tsini.

Wani sauyin ma a rayuwa ɗaya yake faruwa. A 1986 masaniyar ƙwari Elizabeth Bernays ta nuna cewa wata tsutsar hatsi da aka ciyar da ciyawa mai tauri tana tasowa da kai mafi girma da naman muƙamuƙi mai ƙarfi, fiye da 'yar'uwarta mai cin abinci mai laushi. Duk saɓar da ta yi, sabon kan na fitowa daidai da wahalar taunar da ta sha.

A Florida ta Amurka kuma, wani ƙwaro mai tsotsar iri ya koma kan wata bishiyar da aka kawo daga Asiya, wadda irinta ba shi da nisa daga ɓawo. Cikin 'yan shekaru gomomi tsinin bakin jikokinsa ya gajarta. Ba dabara ƙwaron ya yi ba: masu gajeren baki ne suka fi ƙoshi da hayayyafa a can.