Tagar wata tsohuwa a York da badalarmu ta Kano

Maƙwabciyata a nan birnin York na Ingila tsohuwa ce, ta haura saba'in. Sanyin bana ya gallabe ta, ta so ta cire tagoginta na katako ta sa na roba masu tare iska. Aka ce mata sai da izini, domin gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi. Na je in taya ta jaje, sai na tarar ko a jikinta. Ta ɗauko waya ta buɗe min shafin gidan: lambarsa, ranar da aka shigar da shi, irin jan bulon da aka yi ginin da shi, yawan tagogi, har siffar ƙofar gaba. Gida ne ɗan tsuku, bai kai rabin gidan kakana ba, amma gwamnati ta san shi kamar ɗan da ta haifa.

Ba nata kaɗai ba ne. Rajistar, wadda hukumar Historic England ke kula da ita, tana da kusan abubuwa 400,000, an kasa gine-ginen aji uku gwargwadon darajarsu, kuma kowa na iya dubawa kyauta. Tun 1882 suka yi dokar kare kayan tarihi, a 1947 aka soma jera gine-gine. Wanda ya taɓa irin wannan gini ba izini, laifi ya aikata, har ɗauri ana iya yi masa. Ganuwar garin ma tana nan, kilomita uku da 'yan kai, an yi mata matakala da dogaran ƙarfe, yara suna zagayawa a kanta da yamma.

Sai ta tambaye ni ko garinmu ma yana da ganuwa. Na gyara zama. Na ce tamu tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, kusan shekara 900 ke nan, kuma ta ninka tasu tsawo sau da yawa. Ta ce in nuna mata. A nan bakina ya mutu. Me zan nuna? Inda aka yanka filoti? Inda aka kwashe ƙasar aka yi bulo? Ko Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabuwa?

Na san abin da za a ce: su dutse suka yi gini da shi, mu kuwa ƙasa, kuma wanda bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da tsohon bango. Akwai gaskiya a ciki. Su ma nan sun rushe abubuwa da yawa kafin su farga. Amma hasumiyar masallacin Agadas ai ƙasa ce, mita 27, tana tsaye saboda ana bin ta da yaɓe, har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2013. Mu ma muna da hukumar gidajen tarihi tun 1979, badalar Kano tana jerin jiran UNESCO tun 2007. Takardar dai ba ta taɓa hana mai tifa ɗibar ƙasa ba.

Abin da ya hana ni barci daren nan ma ba badala ba ce. Zauren kakanmu ne. Rufin azara, bango mai kaurin da ko a bazara sai ka nemi mayafi, zankwaye biyu a sama, da ƙamshin makuba idan an yi sabon shafe. A nan na yi karatun allo. Na kira Yaya, ya ce magada sun daidaita, bayan Sallah za a rushe a yi shaguna huɗu.

"Haba Yaya, ko zauren kaɗai a bari mana."

"Kai kana can cikin sanyi. Wa zai riƙa yaɓe shi duk shekara, kai?"

Ban da amsa, don shekara tara rabona da in kwana a gidan. Na dai roƙe shi ya ɗauki hoton kowace kusurwa, ya auna faɗin bangon, ya je wurin Kawu tun yana da ƙarfi ya tambayo sunan maginin da shekarar da aka ɗora azarar. Na sayi littafi, na rubuta sunan unguwarmu a shafin farko. Yau kwana goma sha ɗaya ina jiran hotunan.