Yaran da ke haɗa ƙwayoyin zarra a gida: gaskiya ne, amma ba wutar lantarki ba ce

Duk lokacin da labarin wani yaro da ya ƙera na'urar nukiliya a ɗakinsa ya zagayo, sai mutanenmu su rabu biyu. Wasu su ce ƙaryar Turawa ce. Wasu kuma su hau murna, wai an gama da matsalar wuta ke nan, manyan kamfanoni ne kawai ke danne maganar. A ganina duka ɓangarorin ba su yi wa yaran nan adalci ba, kuma abin yana damuna, domin akwai abin da ya kamata 'ya'yanmu su ɗauka a nan, mu kuma kullum tsallake shi muke yi.

Labarin dai gaskiya ne. A 2008 Taylor Wilson, ɗan Amurka mai shekara 14, ya haɗa ƙwayoyin zarra da na'urar da ya ƙera, a sashen kimiyyar lissafi na Jami'ar Nevada da ke Reno, inda malamai suka ba shi wuri suka tsaya masa. A 2018 Jackson Oswalt na birnin Memphis ya yi irin haka a cikin gidan iyayensa, saura sa'o'i kaɗan ya cika shekara 13, har Guinness ta sa shi a kundinta na bajintar duniya.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Fiyuso ake kiranta, kuma Philo Farnsworth, wanda ya shahara wajen ƙirƙiro talabijin, shi ya fito da ita a shekarun 1960, Robert Hirsch ya ƙara inganta ta. Tukunyar ƙarfe ce da ake zuƙe iskar cikinta kusan tas, a sa wani ɗan keji na waya a tsakiya, a saki iskar diyutiriyam kaɗan, wato haidurojin mai nauyi da ake samu daga ruwa. Sai a ba kejin lantarki mai ƙarfin dubban folt, kamar dubu 30 ko fiye. Ƙwayoyin sai su rugo tsakiya a guje. Mafi yawansu wucewa suke, amma jefi-jefi biyu su yi karo su haɗe, su saki makamashi, sau da yawa tare da wata ƙwaya mai suna niyutiron. Wannan shi ne asalin abin da ke sa rana ta yi zafi da haske.

To, a zo ga lissafi, domin nan ne murnar ke tsayawa. Fiyuso mai kyau ta gida tana fitar da niyutiron kamar miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ka ji miliyan sai ka ɗauka abin ya kai, alhali duk makamashin da ya fito bai wuce kusan kashi ɗaya cikin miliyan na wat guda ba, ita kuwa na'urar tana shan ɗaruruwan wat daga soket. Ba rashin iya ƙira ba ne. Ƙwayoyin suna afka wa kejin wayar, suna gogar juna su watse, ƙarfinsu ya zama zafi kawai. Tun a 1995 Todd Rider na jami'ar MIT da ke Amurka ya nuna a bincikensa na digirin dakta cewa na'urori masu irin wannan tsari asararsu ta fi ribarsu.

Su ma manyan da ke kashe biliyoyin daloli ba su kai gaci ba. Ranar 5 ga Disamba, 2022, cibiyar Lawrence Livermore da ke Kalifoniya ta harba hasken leza 192 a kan wani ɗan ƙwallon mai: megajul 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Babbar nasara ce, ba na rage ta. Sai dai abin da ya fito bai cika yunit ɗaya na mitar gidanku ba, lezar kuma ta ja kusan megajul 300 daga layin wuta, sama da yunit 80. A kudancin Faransa ana gina ITER, wata babbar na'urar haɗa ƙwayoyin zarra, wadda Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu suka haɗa hannu a kanta. Ana son maganaɗisu ya riƙe iska mai zafin digiri miliyan 150, ninki goma na zafin tsakiyar rana. A 2024 aka sanar cewa gwaji da cikakken mai sai 2039, kuma ita ma ba za ta tura wuta ko gida ɗaya ba, ta gwaji ce. Ga matsalar tiritiyam, wani nau'in haidurojin da ake haɗawa da diyutiriyam ya zama man, wanda babu shi da yawa a duniya, rabinsa kuma yana lalacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni.

Na yarda wata rana za a samu wuta ta wannan hanya. Amma duk wanda ya ce maka ka dakata da sayen sola domin tana tafe, bai faɗa maka gaskiya ba.

Abin da ya fi burge ni a wurin masu ƙera fiyuso a gida shi ne yadda suke tsananta wa junansu wajen hujja. Fiyuso tana ba da wani haske mai launin shunayya, kyakkyawa ƙwarai a hoto, amma a wurinsu wannan ba shaida ba ce, domin ana samunsa ko da babu abin da ya haɗe. Sai ka nuna niyutiron. Wasu kan ajiye azurfa kusa da na'urar, daga baya su auna su ga ta ɗauki burbushin nukiliya, wanda ke raguwa cikin daƙiƙoƙi daidai yadda lissafi ya ce. Jackson, yana ɗan shekara 12, sai da ya bi ta irin wannan tantancewa kafin a yarda da shi.

Mu fa? Bidiyon janareta marar mai yana fitowa, mu yi ta yaɗawa da addu'o'i, ba mai tambayar wat nawa ke shiga, wat nawa ke fita, ko awa nawa ya yi yana aiki ba tare da batir a ɓoye ba. Wanda ya tambaya a ce ɗan hassada ne. Wallahi wannan cutar da matasanmu masu basira ne, domin yaron da aka yaba wa kan abin da bai auna ba, an rufe masa ƙofar koyo. Kuma ba mu rasa wurin koyon ba: Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004. Tata ta fasa ƙwayar zarra ce, ba haɗawa ba, amma auna niyutiron aikinsu ne na yau da kullum. Makarantun sakandare nawa ne suka taɓa neman kai ɗalibansu can?

Iyaye, ina roƙonku, in yaronku ya nuna sha'awar irin wannan, kada ku kashe masa gwiwa, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Folt dubu 30 yana kashe mutum nan take, na'urar kuma tana fitar da hasken eksire da ido ba ya gani. Ku haɗa shi da malamin kimiyya da ya san aikin, ya fara da ƙananan gwaje-gwaje, ku saya masa mitar awon lantarki da littafin rubuta sakamako tun kafin ya taɓa komai mai haɗari.