Tumatirin kan leda ba shi ne maganin matsalarmu ba

Kwanaki wani ya turo min bidiyon wata gonar tumatir a Japan, babu ƙasa ko ƙwaya ɗaya, tsiron yana zaune a kan wata siririyar leda kamar ta naɗe burodi, mutumin ya ɗaga ta da hannu sai ga saiwoyi sun manne a jikinta kamar yanar gizo-gizo. A ƙasa an rubuta wai ga maganin yunwar Arewa. To ni a nan na ce dakata.

Abin dai gaskiya ne, ba siddabaru ba ne. Wani masani Yuichi Mori ne ya ƙirƙiro shi, mutumin da ya daɗe yana aiki kan irin fatar tacewa da ake amfani da ita a asibiti kamar ta injin wankin ƙoda, ya kafa kamfanin Mebiol a 1995, suka sa wa tsarin suna Imec. Ledar tana da ƙofofi mitsi-mitsi da ido ba ya gani, ruwa da taki su wuce, ƙwayoyin cuta kuma babu hanya. Kuma sai tsiron ya sha wuya kafin ya tsotso ruwan, wuyar nan ce ke sa tumatirin ya tara zaƙi. Kamfanin ya ce ana rage ruwa da kusan kashi 90 cikin 100. An yi noma da shi a garin Rikuzentakata na Japan bayan ambaliyar tsunami ta 2011 ta cika gonaki da gishiri, an yi a hamadar Daular Larabawa. Duk na yarda.

Amma fa bidiyon bai nuna maka rumfar da aka rufe gonar da ita ba, da famfo, da tiyon ɗigo, da ruwan takin da sai an auna shi daidai, da wutar da ba ta ɗaukewa, ga ledar kanta sai an shigo da ita da dala kuma ba ta shekara da shekaru, canza ta ake yi. Bajapane yana mayar da kuɗinsa ne saboda akwai mai sayen tumatir mai zaƙi da tsada kamar kayan marmari. Mu fa na miya muke nema, Hajiya kwano take so a cika mata har da gyara.

Sannan ka je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a jihar Kano lokacin da tumatirin Kadawa ya fito ka ga kwanduna jibge a rana, farashi ya faɗi warwas, wani tun kafin motar Legas ta cika ya fara ruwa. Wannan manomin ba ƙishirwa ce ta kayar da shi ba, rashin wurin ajiya ne da masana'antar da za ta saye. Ƙwaron nan sharon da ya cinye gonaki a 2016 har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, ta sama yake zuwa ya yi ƙwai a ganye, ledar da ke ƙarƙashin saiwa ba ruwanta da shi. Gero da dawa kuwa ba ma a maganarsu.

Inda nake ganin ledar za ta yi rana shi ne wurin mai jari a gefen birni, ya noma tumatir da latas da damina lokacin da kaya ke tsada, ya kai wa otal-otal da manyan kantunan Abuja. Jami'o'inmu ma su gwada rumfa ɗaya da sola, su lissafa nawa kilo ɗaya ya tashi, sai mu ɗora shi kusa da kuɗin kwandon Kwanar Gafan mu gani.