Kafin ka ce ka san gari, taka shi da ƙafa har makabarta

Mutum zai shekara goma yana ratsa gari a mota, ya rantse ya san shi ciki da bai, alhali abin da ya sani bai wuce manyan tituna uku da shataletale biyu ba. Mota inda aka shimfiɗa mata kwalta take bi. Mai tafiya a ƙasa kuwa yana cin kamar kilomita 5 a awa ɗaya, kuma a wannan tafiyar ce ido ke samun sukunin tsayawa a kan abu: tsohuwar ƙofa da aka toshe da bulo, shatin da ambaliya ta bari a jikin bango daidai gwiwa, lungun da ya lanƙwasa ba gaira ba dalili, sai ka tambaya a ce maka da can rijiya aka kauce wa.

A ganina wannan zagaye bai cika ba sai an dangana da makabarta. Na san wani zai yamutsa fuska ya ce me ya kai mai rai can ba a yi rasuwa ba.

Tun kafin ka shiga, inda makabartar take ma labari ne. Tun zamanin da, mutane kan kai matattunsu bayan gari. Dokokin Rum na farko, da aka rubuta wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, sun hana binne gawa a cikin birni, shi ya sa kaburbura suka jeru a gefen hanyar Appiya da ta fita daga birnin Rum. A Faris sai da tsohuwar makabartar tsakiyar birni ta cika ta batse, maƙwabta suka kasa zama, kana aka rufe ta a 1780. A 1804 Napoleon, mai mulkin Faransa, ya kafa dokar fitar da makabartu waje, a shekarar kuma aka buɗe makabartar Père Lachaise can bayan gari. Yau tana cikin birnin tsundum. Baƙi'a ta Madina ma a wajen ganuwa take a da, ga ta yanzu jikin harabar Masallacin Annabi. Saboda haka duk inda ka ga tsohuwar makabarta gidaje sun yi mata zobe, ka tsaya a bakin garin na jiya ke nan. Taso daga tsohuwar kasuwa ka taka zuwa ƙofarta, ka duba agogo: in minti 15 ka yi, to nisan kasuwa zuwa bakin garin ke nan a zamanin kakanni.

A ciki kuma, inda ake rubutu a kan kabari, karanta shekarun a jere. A garuruwa da dama za ka ga 1918 da 1919 sun yi ta maimaituwa, yawanci matasa, saboda annobar murar da ta kashe mutane miliyoyi a duniya. Za ka ga sunaye sun sauya harshe daga wani layi zuwa wani, ka gane lokacin da baƙi suka fara sauka. Karl Marx, masanin falsafa, a Jamus aka haife shi, amma a makabartar Highgate ta Landan ya kwanta tun 1883. Inda ba a rubutu, ƙasar ce ke magana: ga tsohon ɓangare ya lafe ciyawa ta rufe, ga sabon layi da jar ƙasa, ga 'yan gajerun kaburbura da yawansu ke sa jiki ya yi sanyi, ya kuma gaya maka halin da asibitin garin yake ciki fiye da kowane jawabin jami'i.

Masu ƙin wannan ra'ayi suna da hujja, ba na musu. Makabarta ba wurin shaƙatawa ba ce, kuma an ga yadda 'yan yawon buɗe ido ke wuce gona da iri. A Père Lachaise ɗin nan sai da aka kewaye kabarin wani shahararren marubuci da gilashi a 2011, don baƙi sun dame dutsen da jan-baki. Amma maganin rashin ladabi ai ladabi ne. A nemi izini, a bi ƙa'idar wurin game da wanda ke shiga da lokacin shiga, kada a taka kabari, waya ta zauna a aljihu in an tarar da masu makoki.

Abin da ya fi damuna shi ne makabartar da ba mai leƙawa sai ranar binnewa. Ita ce katangarta ke zubewa shekara da shekaru, zaizayar ƙasa ta ci gefe, wani ya matso da gininsa taku biyar ba wanda ya tanka. Wanda ya wuce a mota ba zai ga wannan ba. Mai ƙafa zai gani, kuma in ya tsaya ya ce wa mai gadi "Baba, sannu da aiki", dattijon zai nuna masa inda ruwa ke shigowa da damina, da ɗan filin da ya rage kafin wurin ya cika.