'Yar yayata ta ce za ta karanta Ikonomis, ga abin da na gani a gida da kuma nan Ingila

Satin da ya wuce 'yar yayata ta kira ni ta WhatsApp bayan isha'i, ta ce Kawu zan cike fom ɗin JAMB, Ikonomis nake so in saka, Mama ce ta ce in fara tambayarka tunda kai shi ka yi. Na ce masha Allah, to ya kike da lissafi? Sai ta ɗan yi shiru sannan ta ce ai Kawu Ikonomis ɗin ina cinsa sosai a makaranta, lissafin ne dai sai a hankali. Wallahi amsar nan tata ita ce ta hana ni barci da wuri ranar, don ni ma da wannan tunanin na shiga jami'a, ina ganin ilimin tattalin arziki magana ce kawai, ka haddace ma'anar buƙata da wadata ka zana layi biyu su gitta juna shikenan.

Ni dai digirina na farko a gida na yi, a wata jami'a a arewa, shekara huɗu ce a takarda amma yajin aikin ASUU na 2020 da korona suka haɗu suka mayar da ita biyar da ɗoriya. Na yi bautar ƙasa, a ƙarshen 2023 na taho nan arewacin Ingila na yi digiri na biyu, yanzu ina na uku kuma ina ɗaukar 'yan aji ɗaya tutoriyal, wato ƙaramin aji na mutum goma sha biyar zuwa ashirin da ake zama da su duk sati a warware tambayoyin da malami ya bayar. To ka ga na zauna a benci can, na tsaya gaban allo nan, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Bari in fara da lissafin tunda shi ya kawo zancen. A nan digirin shekara uku ne, kuma manyan jami'o'in da ake rububi kamar LSE da UCL da Warwick ba za su ma kalli takardarka ba in ba ka yi lissafi a jarabawar A-level ta ƙarshen sakandare ba, Ikonomis ɗin kuwa ko ba ka taɓa yinsa a sakandare ba za su iya ɗaukarka. Mu kuma a gida duk da JAMB tana sa lissafi cikin darussan da za ka zana, yaro sai ya lallaɓa ya samu kiredit da ƙyar ya shigo, aji ɗaya lafiya lau, aji biyu a fara kalkulas da matiris, aji uku ikonometiris ya iso, wato auna tattalin arziki da alƙaluma da lissafi, nan ne za ka ga ido ya raina fata, kariyoba ta fara taruwa. Ina da abokai masu ƙwaƙwalwa sosai, in suka buɗe baki a kan siyasar man fetur sai ka rantse minista ne, amma kwas ɗaya na lissafi ya riƙe su shekara guda cur. Ba wanda ya faɗa musu gaskiya tun farko, abin da ke ci min rai kenan.

Amma ba lissafin ne babban bambancin ba a wurina. Babban bambancin shi ne taɓa alƙaluma da hannunka. Yaran da nake koyarwa tun zangon farko ake ba su bayanan gaske, farashin gidaje ko albashin ma'aikata na shekaru, a ce su buɗe a manhajar kwamfuta ta Excel ko ta R su zana su faɗi me suka gani, kuma in ka faɗi abu sai an tambaye ka ina hujjarka. Mu ikonometiris a kan allo muka yi shi, malam yana rubutu muna kwafa, mu sama da ɗari biyu a hol ɗaya, na baya ba sa ma jin abin da ake faɗa in ba wuta, ka haddace sharuɗɗan OLS, wata dabarar gano alaƙa tsakanin alƙaluma, tsaf ka zuba su a jarabawa ka ci, alhali ba ka taɓa ganin yadda abin yake fitowa a kwamfuta ba. Da lokacin furojet ya zo kusan dukkanmu take ɗaya muka ɗauka, tasirin kaza a kan bunƙasar tattalin arzikin Najeriya daga 1981 zuwa shekara kaza, don alƙaluman da ke cikin kundin CBN daga nan akasarinsu suke farawa, sai a kai wa wani mai shagon kwamfuta a bakin get ya danna manhajar lissafi ta EViews ya buga maka tebur, ka biya shi, ka je ka haddace bayanin da za ka yi gaban malamai. Ni ma haka na yi. Ranar da na fara zama a ɗakin kwamfuta a nan aka ce kowa ya loda bayanansa, na fi minti ashirin ina kallon sikirin ban san inda zan fara ba, ga digiri mai kyau a jakata, raina ya ɓaci sosai ranar.

Kuma kar wani ya ɗauka malamanmu nake zagi, sam. Akwai malamin da ya koya mana tarihin tunanin masana tattalin arziki, tun daga Ibn Khaldun zuwa Adam Smith zuwa Keynes, ba takarda a hannunsa, har yau ban ga kamarsa a nan ba. Mun yi kwas guda a kan tsarin tattalin arzikin Najeriya, dalar gyaɗa ta Kano da hukumomin sayen amfanin gona da aka rushe a 1986, da SAP, shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida, da yadda darajar naira ta fara zubewa, da masaƙun Kaduna da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Yaran nan da yawansu za su gama digiri ba su san tarihin fannin nasu ba, su kansu sun yi ƙorafi a kai, bayan rikicin kuɗi na 2008 har Sarauniya Elizabeth ta je LSE ta tambayi masana ya aka yi ba wanda ya hango abin, daga baya ɗalibai a Jami'ar Mancesta suka kafa ƙungiya suna neman a canza manhaja don ta cika lissafi ta bar duniyar gaske a waje. Mu kuma a gida, malami ɗaya da ɗalibai ɗari biyu da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, me kake so ya yi? Matsalar ta fi ƙarfin malami ɗaya.

Akwai kuma abin da muke da shi wanda kuɗi ba ya saye. Rannan muna maganar hauhawar farashi a aji, na ce musu a ƙasarku abin ya kai kashi 11.1 cikin ɗari a Oktoban 2022 kuka ce duniya ta tashi, mu a Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ce 34.8, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce to mutane ya suke yi su rayu? Da gaske take tambaya. Na ba su labarin farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka sauya takardun 200 da 500 da 1000 tsabar kuɗi ta ɓace, na tsaya a layin mai POS tun safe ina ji ina gani ya cire dubu ɗaya a kan dubu biyar, wato naira ake saye da naira, ga masu tumatir a kasuwa suna karyar da kaya don ba mai tsaba a hannu su kuma ba su da asusun banki. Ajin ya yi tsit. Su a littafi suke karanta abin da ake nufi da ƙarancin kuɗi a hannun jama'a, mu mun kwana da shi, mun ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 da yadda kuɗin mota ya ninka kafin sati ya zagayo, ɗan Fagge da ya tashi yana ganin 'yan canji a Wapa ya san kasuwar musayar kuɗi tun kafin ya san sunanta a boko.

To abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan. A digiri na biyu aka ba mu wani bincike mu karanta a darasin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa, ina buɗewa sai na ga Zariya. Wani Ba'amurke ne, Christopher Udry, ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989 yana bin yadda manoma ke ba juna bashi, ya gano cewa bashin tsakanin 'yan uwa da maƙwabta ne, ba takarda ba shaida ta hukuma, ba a yanka ruwa, kuma abin da za a biya yana bin halin da kowa ya samu kansa, in gonar wanda ya ci bashi ta lalace a sassauta masa, in kuma mai ba da bashin ne masifa ta samu sai a biya shi da wuri har da ƙari, wato bashin nan inshora ce a ɓoye. Ina karantawa ina ganin Baffana a ƙauye yana auna wa mutane dawa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yana cewa ka kawo in Allah ya hore. Abin da na tashi ina gani kenan, kuma wai sai da na ƙetare teku na biya kuɗi masu yawa sannan aka nuna min cewa ilimi ne, har ana koyar da shi a manyan jami'o'in duniya. Bayan shi na ci karo da aikin Jenny Aker a Nijar, wadda ta nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don ɗan kasuwa yana iya bugawa ya ji nawa gero yake a wani gari kafin ya ɗora buhu a mota. Sai kuma Polly Hill da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafi a 1972 a kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa, matar nan fa Keynes ɗin da muke haddacewa kawunta ne. Shekara biyar na yi a sashen Ikonomis a ƙasar Hausa ban ji sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dawanau tana nan, kasuwar hatsin da ake lodi daga cikinta zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, ga Kantin Kwari ga Singa ga Maigatari ga Jibiya, ga adashen da iyayenmu mata ke yi wanda shi ma masana sun yi rubutu a kan irinsa ba iyaka, amma ba a taɓa cewa mu ɗauki biro mu je mu tambayi kowa komai ba. Da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, wannan ai dama ce ta bincike da Bature zai biya miliyoyi ya samu, a ga me ya faru da farashin albasa da dabbobi da wake a ɓangarorin biyu, ina fata akwai ɗaliban da aka tura suka rubuta. Kuma yanzu ba a da uzurin cewa Abuja ce ta ɗaure manhaja, tunda sabon tsarin da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fito da shi a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. In da ni ke da iko, kowane ɗan aji biyu sai an ba shi kasuwa ɗaya da kaya uku, duk sati ya je ya rubuta farashi, kafin ya kai aji huɗu yana da alƙaluman shekara biyu nasa na kansa da zai yi furojet da su, ba sai ya je shagon bakin get ba. R kyauta ne, littafin CORE da ake koyar da 'yan aji ɗaya da shi a jami'o'i da yawa a nan kyauta yake a intanet, binciken gidaje da hukumar ƙididdiga ke yi tare da Bankin Duniya shi ma kyauta ake sauke shi. Data da caji ne kawai matsala, na sani ba ƙaramar matsala ba ce, amma ba ta kai a ce ba zai yiwu ba.

Ban ce mata ta nemi tahowa nan ba, kuɗin makaranta na baƙo a manyan jami'o'i ya haura fam 20,000 a shekara, ban da haya da abinci, da canjin yanzu wa zai iya. Ban kuma yi mata alƙawarin aikin CBN ko banki ba, don cikin 'yan ajinmu waɗanda suka samu irin wannan ba su da yawa, wasu na koyarwa wasu na kasuwanci, waɗanda kuma suka koyi sarrafa alƙaluma da kansu su ne na ga ƙungiyoyi da kamfanoni suna nema.

Na ce mata ta saka Ikonomis ɗin in har ta yarda za ta zauna da lissafi kullum ko na awa ɗaya ne daga yanzu, zan biya mata kuɗin lesin. Sannan na ce ta samu littafi mai sittin, duk Asabar in za a yi cefane ta bi Mama, ta rubuta kwanon shinkafa da na wake da kwalbar manja nawa, da kwanan wata. Jiya ta turo min hoton shafin farko, rubutu tsaf da jan layi, a ƙasa ta rubuta Kawu me ya sa wake ya fi tsada a kasuwar unguwarmu alhali Dawanau ba nisa? Na ce mata Asabar mai zuwa ta tambayi mai waken nawa yake biyan ɗan sahu da 'yan dako kafin buhu ya iso rumfarsa, ta rubuta abin da ya ce a shafi na biyu.