Bakano Zai Shiga Harkar Fim

A teburin mai shayi. Bazazzage na latsa waya, Bakano na ƙirga canjinsa karo na uku.

Bazazzage: Kai bawana, ka san Tyler Perry?

Bakano: A wane layi yake a Kantin Kwari?

Bazazzage: Furodusa ne a Amurka. A 2020 mujallar Forbes ta ce dukiyarsa ta kai dala biliyan ɗaya.

Bakano: Dala? Matso kusa, ɗan'uwa. Mai shayi, ƙara masa ruwan zafi, ban da madara. Gado ya ci?

Bazazzage: Ina fa! A 1992 ya kwashe dala 12,000 da ya tara, ya shirya wasan daɓe a birnin Atlanta. Mutanen da suka zo kallo ba su wuce talatin ba.

Bakano: Innalillahi! Uwar kuɗin ma ba ta dawo ba?

Bazazzage: Ko ƙwandala. Har kwana ya riƙa yi a cikin mota.

Bakano: Au, yana da mota kake ce masa talaka? Ku Zage-zagi boko ya ɓata ku.

Bazazzage: Sai a 1998 wasan ya karɓu. Daga baya ya ɗaura gashin doki da rigar mata, ya fito a matsayin wata tsohuwa mai masifa, Madea. Nan kuɗi suka ɓalle.

Bakano: Ƙato da shi? Subhanallahi! Ni ko a mafarki... Nawa ka ce ya samu?

Bazazzage: Abin da ya isa ya sayi eka 330 na tsohon barikin soja, Fort McPherson, a 2015, ya gina wurin shirya fim.

Bakano: To ai akwai tsohon zanen Iya a adaka. Glas ɗinta ma na nan. Yau a Adaidaita zan kwana. Amma tsaya, shi furodusan mene ne aikinsa?

Bazazzage: Shi ke nemo kuɗi, ya ɗauki darakta, ya biya 'yan wasa, ya biya masu kyamara, har abincin ma'aikata.

Bakano: Shi ke biya? Kowa da kowa?

Bazazzage: Kowa.

Bakano ya shanye shayinsa, ya soka biredi a aljihu, ya miƙe.

Bakano: Mun raba aiki. Ni ne tsohuwar, kai ne furodusa. Mai shayi, ga mai biya nan.